Amsa ga mai tambaya kan Christopher da batun otizim

'Yar'uwa, wallahi tambayarki ta taɓa ni, don duk wanda ya yi jinga kan littafin Mark Haddon na 2003, The Curious Incident of the Dog in the Night-Time, ya san wannan damuwa. Kin ce kina son rubuta cewa Christopher, yaron da ke ba da labarin, yana da otizim, wato lalurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da sadarwa da mutane, amma kina tsoron jan biron malami. Kina da gaskiya. Kalmar ba ta fito a cikin labarin ba, a bangon wasu bugu ne aka sa Asperger, sunan wani nau'in otizim, kuma a 2009 marubucin da kansa ya ce littafin ba kan wannan lalura yake ba. Kada ki yanke hukunci irin na likita. Ki ce ana iya karanta shi a haka, sannan ki kawo hujja da lambar shafi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu jero alamomi, ba ya son a taɓa shi, ba ya son ruwan ɗorawa, ya iya lissafi, daga nan sai su rufe da cewa yaron ba shi da tausayi. Subhanallahi! Yaron da ya tsinci wasiƙun mahaifiyarsa bayan uba ya ce masa ta mutu, ya yi amai, ya kwanta ya kasa magana? Ɗan shekara 15 da ya hau jirgin ƙasa shi kaɗai daga Swindon zuwa Landan yana nemanta, hayaniyar tasha na neman kayar da shi? Shi ne marar zuciya? Kuma a ba irin wannan rubutu maki, alhali wataƙila a ajin akwai mai ƙane irinsa a gida, wanda dangi ke ce wa taurin kai ne ko aljanu. Wannan kam ba adalci ba ne.

Kowane sakin layi ki ɗauki hali ɗaya tak, ki nuna aikin da yake yi wa salo. Babobin da lambobi 2, 3, 5, 7 suke tafiya har 233, lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, wato tsarin tunaninsa ne ya zama zubin littafin. Yana ɗaukar siffantawa a matsayin ƙarya, shi ya sa jimlolinsa suke miƙe. Wurin da makin yake shi ne yadda mai karatu ke gane abin da manya ke ɓoyewa tun kafin mai ba da labarin ya gane. Ki ba wannan sakin layi biyu.

Ki kula da shekaru ma. Likita Leo Kanner ya bayyana lalurar a 1943, a 2013 kuma littafin likitocin Amurka, DSM-5, ya shigar da Asperger ƙarƙashin otizim. In za ki kwatanta shi da tauraron tsohon littafi, irin Darcy na littafin Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, ki faɗa a fili cewa fassararki ce, marubuciyar ba ta san wannan suna ba. Don Allah ki nemi abin da masu otizim da kansu suka rubuta kan Christopher, da yawansu sun ce ba kowa ne gwanin lissafi ba. Ko ra'ayi ɗaya ne ki sa kafin ki miƙa. Allah ya ba da sa'a.