Za a iya samar da wutar lantarki da antimata?

Malam, ka tambaya ko antimata, wato kishiyar abin da aka yi komai na duniya da shi, za ta ba mu lantarki, tunda in ta gamu da abu na yau da kullum dukansu kan koma makamashi zalla. Haka ne, amma ba haƙo ta ake yi ba, ƙera ta ake yi, kuma a nan gizo ke saƙar.

A cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janeba, ana harba furoton (ɗan ƙanƙanin ɓarɓashi da ke tsakiyar ƙwayar zarra) da mugun gudu kan ƙarfen iridiyom. Cikin ɓarɓashin ake tsinto 'yan antifuroton (kishiyar furoton), a rage musu gudu, a haɗa su da fositiron (kishiyar ilektiron, ɓarɓashin da ke ɗauke da lantarki), sai a samu antihaidurojin, wato antimatar iskar haidurojin. Ajiyar ce jidali: da antimata ta taɓa bangon mazubi, shi ke nan ta ɓace. Shi ya sa ake rataye ta da ƙarfin maganaɗisu cikin bututun da aka zuƙe iskarsa ƙarƙaf. A 2010 tawagar masu bincike ta ALPHA a CERN ƙwayoyin antihaidurojin 38 kacal ta kama, a 2011 ta riƙe wasu na daƙiƙa 1000, wato kusan minti 17.

Wutar da ake ƙonawa wajen ƙerawa ta ninka wadda za a samu ninkin ba ninkin. Don bincike ake yin antimata. A 2023 ma aka tabbatar ƙasa take faɗuwa kamar komai.