Ƙanena zai shiga soja: wa zai kula da addininsa a bariki?

Malam, ka ce ƙanenka na Garwa zai shiga sojan Kamaru, kana fargabar a kai shi rundunar da Musulmi ba su da yawa. Kwantar da hankalinka.

A bariki akwai wanda Faransawa ke kira omoniye, wato limami ko fada ko fasto mai kula da ibadar sojoji. Aikinsa bai tsaya kan mabiya addininsa ba. Fasto nagari shi zai je gaban kwamanda ya nema wa Musulmi wurin salla da sassaucin aiki a azumi, limami ma ya nema wa Kirista Lahadinsa. Faransa sai 2005 ta kafa sashen limaman soja na Musulmi, Amurka kuwa ta naɗa na farko a 1993. Masu addinin gargajiya na duwatsun Mandara ne, a ganina, aka fi mantawa da su.

Sai dai ya sani, ranar fita daji wajen Kolofata, garin da ke kusa da iyakar Najeriya, ba a jiran kowa. Nan zai yi ƙasaru, ya haɗa salloli, ya rama azumi daga baya. Sallar tsoro ma tana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 102.