Me ya sa direbobin tasi na Bankok ke ƙin ɗaukar fasinja?

Tambaya: Wata uku ke nan ina zaune a Bankok ta ƙasar Tailan, ina saro kaya a kasuwar Pratunam. Da yamma sai in tsayar da tasi huɗu ko biyar, kowane direba in na faɗi inda za ni sai ya girgiza kai ya wuce, wani kuma ya yanka mini kuɗi ya ƙi kunna mita. Shin don ni baƙar fata ne?

Amsa: Alhaji, ba zan ce babu direban da ke duban launin fata ba, amma su kansu mutanen Tailan sun daɗe suna wannan kuka, har hukumar sufuri ta ƙasar ta ware lambar waya 1584 domin kai ƙarar direbobi, tun da doka ta hana ƙin ɗaukar fasinja. Tushen matsalar lissafi ne.

Mitar ƙaramar tasi tana farawa da baht 35 (baht shi ne kuɗin Tailan), kuma wannan kuɗin farawa ya kai shekara talatin bai motsa ba. Idan mota ta maƙale a gosulo, tana tafiya ƙasa da kilomita 6 a awa, mitar na ƙara baht 3 kacal a minti, bisa ƙarin da aka yi a 2023. Ke nan direban da ya shafe awa guda cur a cunkoson titin Phetchaburi baht 180 zai samu, alhali injin na cin gas kuma na'urar sanyaya mota ba ta hutawa. Da yawansu ba su mallaki motar ba. Mai launin kore da rawaya galibi ta direban ce, amma masu launi ɗaya, irin ruwan hoda ko ruwan lemo, na kamfanoni ne ko ƙungiyoyi, ana karɓarsu haya na rabin yini, kuma dole a kai balas ko an samu ko ba a samu ba. Wajejen la'asar ake sauya hannu, don haka wanda zai mayar da mota gareji ba zai ɗauki mai zuwa wani ɓangaren gari ba. Idan aka haɗa wannan da ruwan damina, daga Mayu zuwa Oktoba, sai abin ya ƙara cabewa.

Shi kansa gosulon yana da asali. Birnin ya taso ne a kan magudanan ruwa, manyan titunansa kaɗan ne, kuma yawancin lungunan da suke kira soi ba sa ɓullewa, dole kowace mota ta dawo babban titi. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne shirun: danja za ta riƙe mutane minti biyu ko uku, amma da wuya ka ji an danna hon.

Shawarata, kada ka shiga motar da ke fake a bakin otal ko kasuwa, domin masu yanka kuɗi nan suke dako. Taka kaɗan, ka tsallaka ɓangaren titin da ya fuskanci inda za ka (su ta hagu suke tuƙi), ka tsayar da mai tafiya wadda ta kunna fitilar nan da ke jikin gilashin gaba, alamar babu fasinja. Riƙe adireshi da rubutun Tailan a wayarka, kuma ka tanadi ƙananan kuɗi, don takardar baht 1,000 kan jawo gardamar canji. Kuɗin tolget a kanka yake, haka ma baht 50 na ƙari idan daga filin jirgin Suvarnabhumi ka ɗauko. Manhajar kiran mota ta Grab ta fi tsada a irin wannan lokaci, sai dai farashinta a bayyane yake tun kafin ka hau.

Idan ba ka da kaya masu nauyi, ka haƙura da tasi tsakanin huɗu na yamma da takwas na dare. Jirgin ƙasa na BTS, wanda ya fara aiki a 1999, ta saman cunkoson yake bi, 'yan acaɓa masu riga ruwan lemo za su fitar da kai daga lungu, kuma jirgin ruwan da ke bin magudanar Saen Saep yana tsayawa a nan Pratunam ɗin da kake sari.