Cikina wata huɗu banji motsi ba, wai ya kwanta ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Cikin fari ne dani, ya cika wata huɗu amma har yau banji motsi ba. Hajiyar maigidana tace ai wata huɗu ake busa rai, in bai motsa ba to kwanciya yayi, har ta aiko min da jiƙo wai na tada ciki. Ban fara awo ba tukunna. In sha?
Daga ƙanwarki a Rigasa.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ki ajiye jiƙon nan tukunna, kar ki kai shi baki.

Kinga a asibiti ana lissafin ciki ne daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, sati 40 gaba ɗaya. Wajen sati na 6 zuciyar ɗan tayi ta fara bugawa, kafin sati na 12 ya cika hannu da ƙafa har yatsu duk sun fito, kuma tun lokacin yana ta mutsu-mutsunsa, in aka saki a sikanin da idonki zaki ganshi yana juyi. To me yasa bakya ji? Ƙarami ne har yanzu, a sati na 16, wato wajen wata huɗu, ko giram 200 bai kai ba, ga shi cikin ruwa yake yawo, shurinsa bai da ƙarfin da zai iso miki. Masu cikin fari yawanci sai sati 18 zuwa 20 suke fara ji, wadda ta saba haihuwa ita takan gane tun 16 saboda ta san abin. Kuma ba naushi bane da farko, wani ɗan zillo ne kamar iska na yawo a mara, da yawa sun ɗauka ma ciwon ciki ne. In kuma mabiyiya ta zauna ta gaba sai ta tare motsin, ya ƙara jinkiri.

Maganar kwanciyar ciki kuwa wallahi tana damuna, dan ciki baya tsayawa ya huta daga baya ya tashi. Ko dai yana girma lafiya, ko kuma an samu matsala wani lokacin ma ɗan ya rasu a ciki ba'a sani ba, mace tana ta shan sassaƙe tana jira har jini ya ɓalle mata ko zazzaɓi ya kwantar da ita. Hajiya so take taga jikanta, ba mugunta bace, sai dai ba wanda ya san abinda ke cikin jiƙon nan balle yawansa.

Abinda yafi tsaya min shine baki fara awo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 tace mai ciki taje awo sau 8, na farko kafin sati 12 ya wuce. Ki shirya cikin satin nan kije asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ko asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada ko na Barau Dikko duk a Kaduna, nas zata ɗora na'ura kiji bugun zuciyarsa da kunnenki, a baki maganin ƙarin jini da Fansidar na kariyar maleriya da allurar tetanus. In da hali ki tafi da Hajiya itama taji.

In kika kai sati 24 shiru, ko kika ga jini ko ciwon mara mai tsanani ko da tsakar dare ne, kar ki jira ranar awo.