Dalilin da ya sa saba take ƙin kayan da ba na kamfaninta ba

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa sabar kamfanin HPE da aka kawo mana, wato babbar kwamfutar nan da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, ta tayar da fankokinta gaba ɗaya, har ba a jin magana a shago, bayan ka saka mata faifan ajiyar da muka sayo a kasuwar Dole, alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka tsara ta.

A cikin kowace saba ta manyan ma'aikatu akwai ƙaramar na'ura mai gadi, wadda HPE ke kira iLO, Dell kuma iDRAC, kuma aikinta shi ne ta riƙa tambayar kowane kaya sunansa da zafin jikinsa. Faifan kamfanin yana ɗauke da manhajar da ke amsawa yadda ake so, na kasuwa kuwa wani lokaci ba ya amsawa, sai mai gadin ta ɗauka cewa wani abu na shirin ƙonewa, ta saki iska iyakar ƙarfinta. Wannan ban ga laifinsa ba, balle a Damagaram, inda zafin Afrilu yake wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma take toshe kowace kafa. Injin da ke riƙe da asusun banki ba wurin gwaji ba ne, kuma kamfanin da ya ba da garanti yana son sanin abin da ya ɗauki alhakinsa.

Sai dai ba kowane kulle ne na tsaro ba, wani na neman kuɗi ne zalla. Ɗan kan wayar fayiba, wato SFP, da na'urar haɗa kwamfutoci ta kamfanin Cisco take ƙi, sau da yawa bambancinsa da nasu bai wuce sunan da aka rubuta a ƙwaƙwalwarsa ba. A 2014 ma HP, wadda HPE ta fito daga cikinta, ta taƙaita sabunta manhajar sabobinta ga masu garanti ko yarjejeniyar kulawa.

Wanda nake so ka fi kiyayewa shi ne firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, samfurin AMD EPYC. Idan ka ɗora shi a kan wasu sabobin Dell ko Lenovo, tsarin tsaron da ake kira PSB yana ƙona wasu ƙananan fis a cikinsa, daga ranar ba zai ƙara tashi a sabar wani kamfani ba, kuma babu gyara. Saboda haka, in aka kawo maka na hannu daga Kano, ka tambayi injin da aka ciro shi kafin ka biya, kuma kada ka gwada na mai kaya a sabar shago.