Ginshiƙin mazan jiya na bakin kasuwa: a rushe shi ko a adana?

Tambaya: Malam, a garinmu da ke cikin jihar Damagaram akwai wani ginshiƙin siminti a bakin kasuwa mai ɗauke da sunayen mazan jiya da suka rasu a yaƙoƙin Faransa. Ana shirin rushe shi a gina shaguna, wasu kuma suna cewa ragowar mulkin mallaka ne kawai. Shin yana da wata daraja ta tarihi?

Amsa: Ɗan'uwa, yana da daraja, kuma darajar tana cikin sunayen da ke jikinsa. Ya kamata a fara bambance abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Akwai abin da Nasara ya kafa don tunawa da nasa: a nan Zinder an kashe Kyaftin Cazemajou, wani hafsan sojan Faransa, a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, kuma bayan yaƙin Tirmini na 1899, da Faransawa suka ci Damagaram, sai suka raɗa wa barikinsu sunansa. Ginshiƙinku kuwa sunayen ƴaƴan garinku ne a kansa, samarin da aka ɗiba, akasari ba da son ransu ba, lokacin da ake yanka wa sarakuna da masu gari adadin mutanen da za su kawo, aka kai su yaƙin 1914 zuwa 1918 ko na 1939 zuwa 1945.

Waɗannan mutane an binne su nesa da gida, ba su bar kabarin da dangi za su ziyarta ba, ba kuma a haife su lokacin takardar haihuwa ba. Sau da yawa wannan rubutu shi ne kaɗai shaidar da ta saura a garinsu cewa sun taɓa rayuwa. Idan ka matsa kusa ka shafa harufan da yatsa, za ka iya tarar da suna an karkata shi yadda kunnen magatakardan Bafaranshe ya ji shi, wani lokaci ma an sa sunan ƙauye a gurbin sunan uba, wanda hakan kansa hanya ce ta gano zuriyar mutum. Abin yana yi mini ciwo idan na tuna cewa abokansu da suka dawo da rai an daskarar musu da fansho da wata dokar Faransa ta 1959, ba a fara daidaita shi ba sai bayan shekara ta 2000, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Ta fuskar doka, Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997, saboda haka kafin a ɗora guduma ya dace ku rubuta wa ma'aikatar magajin gari da ofishin al'adu na jiha. Birni, tsohuwar unguwar Zinder, da fadar Sarkin Damagaram suna cikin jerin wuraren tarihi da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, tun 2006, amma ƙaramin gini irin naku ba shi da mai tsaya masa sai mutanen garinsa.

Tun yau ku ɗauki hoton kowane gefe da hantsi, lokacin da hasken rana ke faɗowa a karkace yana fito da rubutun da ya shafe, ku kwafe sunayen harafi bayan harafi ba tare da gyara ba. Sannan ku karanta su a gaban tsofaffi, domin a wasu gidaje har yanzu akwai littafin soja ko lambar yabo a ƙasan adaka. Kada a shafe shi da fenti ko a yaɓe shi da sabon siminti da sunan gyara, don ta haka rubutu ke ɓacewa. Idan kasuwa ta matsa har dole sai an gusar da shi, a ciro allon sunayen ɗungurungum a kafa shi a harabar makarantar garin, a ajiye kwafin jerin a fadar mai gari, a aika wani ga malaman tarihi na Jami'ar André Salifou da ke Zinder.