Abokina ne ya ji an karɓe ni, ni ban ji ba: wannan tuntuɓar za ta shiga lissafin DXCC?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da lasisin rediyon sha'awa, kuma ina tara ƙasashe don neman lambar yabo ta DXCC, wadda ake ba wanda ya tuntuɓi ƙasashe 100 ta rediyo. Kwanan baya wata tawagar masu rediyo ta sauka a wani tsibiri da ba kasafai ake jin sa ba. Na yi ta kira da murya a zangon mita 20 (ɗaya daga cikin zangunan da aka ware wa masu rediyon sha'awa) cikin turereniyar masu kira. Can sai na ji mai aikin tashar ya faɗi wani abu mai kama da alamar kirana (haruffa da lambobin da ake gane tashata da su) haɗe da 59, wato rahoton ƙarfin sigina, daga nan siginar ta nutse. Wani abokina da eriyarsa ta fi tawa ya turo mini saƙo a waya cewa ni aka karɓa, sai na yi maza na ba da rahotona. Da suka ɗora rajistarsu a intanet na ga alama irin tawa, amma harafin ƙarshe B ne maimakon D. In nemi a gyara? Kuma da a ce na buɗe na'urar saurare ta intanet a lokacin don in ji shi sosai, da na yi laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A ganinmu kada ka ƙirga wannan tuntuɓar, kuma kada ka nemi a gyara harafin. Mun san maganar ba za ta yi daɗi ba, musamman ga wanda ya sha zama gaban rediyo yana kira, amma ga dalili.

Tuntuɓa, wadda ake kira QSO, tana cika ne da abu uku, kuma haka littafin jagorar VHF na yanki na ɗaya na IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, ya fayyace: kowane ɓangare ya gane alamar kiran ɗaya, kowa ya karɓi rahoto, sannan kowa ya sami tabbacin cewa ɗayan ya gane shi kuma ya karɓi rahotonsa. Dukkan ukun ta iska za su bi, a zangon da ake aiki, a lokacin tuntuɓar. To duba taka. Alamarka ba ka ji ta cikakkiya daga bakinsa ba, kama ka ji. Rahoton 59 ka ji shi, amma ba ka da tabbas kai aka ba. Tabbacin ƙarshe kuwa, wato "QSL" ko "na gode" da mai aikin ke faɗa kafin ya koma kan wani, ba ka ji shi ba sam. Wayar abokinka ce ta cike giɓin, kuma waya ba zangon mita 20 ba ce. Shi ma can ɓangaren, abin da ya rubuta ya nuna bai kama alamarka daidai ba. Ka ga kenan ta kowane gefe aikin bai kammala ba.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa: mai alamar da ta ƙare da B ɗin yana iya zama mutum na gaske da shi ma yake kira a wannan minti. B da D sun yi kusa a kunne idan ba a faɗe su da kalmomin Bravo da Delta ba, ko idan ƙarshen kalmar ya ɓace cikin hayaniya. In ka matsa aka mayar da layin sunanka, mai yiwuwa haƙƙin wani ka ɗauka, ranar da ya zo neman katinsa na shaidar tuntuɓa a ce masa ba ya cikin rajista.

Wannan ba ya nufin neman gyara haramun ne a kowane hali. Masu aiki a tsibiri suna rubuta dubban alamu cikin gajiya, yatsa na zamewa. Idan ka ji shi da kunnenka ya maimaita alamarka daidai, ya ba ka rahoto, ka ba shi naka, ya tabbatar, sannan ka tarar da kuskure a rajista, kana da cikakken iko ka rubuta wa mai kula da katunan tawagar. Ka ba shi kwanan wata, lokaci a agogon duniya na UTC, mitar da shi yake watsawa da wadda kai kake kira a kanta, salon da aka yi amfani da shi (murya ko waninta), da alamun tashoshi biyu ko uku da aka karɓa kafin kai da bayanka. Wannan na ƙarshen ya fi komai nauyi, domin wanda bai saurari wurin da gaske ba ba zai iya kawo su ba. In kana da rikodin sautin, shi ke nan an gama magana. Shi ya sa muke ba kowa shawara ya bar kwamfutarsa tana ɗaukar sautin rediyo duk lokacin da yake bin tasha mai wuyar samu, ba ya cin komai sai ɗan wuri a ma'ajiya. Abin da ba a so shi ne kamun kifi cikin rajista: mutum ya binciki alamun da suka yi kama da tasa, ya aika da lokuta na kirdado ko ɗaya za ta dace. Saboda irin wannan ne shafuka kamar Club Log suke nuna zango da salo kawai su ɓoye lokacin tuntuɓa, sai kai ka kawo lokacin daga taka rajistar.

Nan ne ya kamata a bambance tabbatarwa da inganci, domin mutane da yawa sun ɗauke su abu guda. Tsarin intanet na LoTW, na ARRL (ƙungiyar Amurka mai bayar da DXCC), wanda ya fara aiki a 2003, yana ɗaukar rajistar ɓangarorin biyu, kowacce da sa hannun dijital ta manhajar TQSL, ya gwada alamun kira, zango, salo, da lokaci. Idan tazarar lokutan ba ta wuce minti 30 ba, sai ya ce sun dace. Ba ya duba rahoton sigina, kuma ba shi da hanyar sanin abin da kunnenka ya ji. Katin takarda ma haka yake. Abin da suke shaidawa kawai shi ne rajistu biyu sun yarda da juna. Mutum biyu za su iya haɗa baki su rubuta tuntuɓar da ba ta auku ba, na'ura ta amince. Saboda haka tun da aka fara lissafin DXCC na yanzu, daga tuntuɓar 15 ga Nuwamba 1945 zuwa yau, tsarin yana tafiya ne a kan amanar mai rajista. Takardar ƙasashe 100 daga cikin 340 da ke jerin tana da daraja ne don ana kyautata zaton kowace ɗaya an yi ta ta iska.

Sai batun na'urar saurare ta intanet. Nan ƙa'idar a rubuce take, ba sai an yi dogon nazari ba. Tun gyaran da aka yi wa dokokin DXCC a 2015, an yarda mutum ya sarrafa tasha daga nesa, amma dole na'urar watsawa da ta karɓa da aka yi tuntuɓar da su su kasance cikin da'ira ɗaya mai faɗin mita 500. Idan kana watsawa daga gidanka, kana saurare ta WebSDR, wato na'urar saurare ta intanet, da ke wata nahiya kusa da tsibirin, rabin tuntuɓar ne kawai tasharka ta yi. Hanyar iska ba dole ta zama daidai ta ɓangarorin biyu ba. Sau da yawa shi yana jin ka don wurinsa shiru ne, kai kuwa ƙugin cajoji da fitilu da layukan lantarki ya rufe maka shi. Shawo kan wannan ƙugin, ko gina eriyar karɓa da ta fi, shi ne ainihin aikin da lambar yabon take aunawa. Babu laifi ka buɗe WebSDR don ka ji yadda siginarka take fita, ko ka gano ko tawagar tana kan iska. Amma da zarar ka fara kira, ka rufe ta gaba ɗaya, domin kunne ba ya iya mantar da abin da ya ji ta can.

Sarrafa tasha daga nesa kuwa ya halatta in dai tashar tana da lasisi kuma duk tashoshin da ka tara lambar yabon da su suna cikin ƙasa ɗaya ta jerin DXCC. A ƙasa mai faɗi kamar Amurka wannan na nufin mutum zai iya kama Turai da safe ta tashar gabar gabas, ya kama Asiya da yamma ta tashar gabar yamma, duk su shiga lissafi ɗaya. Dokar ta bari, amma ita kanta ta ce kowa ya duba iyakar da zai iya tsayawa a kanta ya kare lissafinsa gaban 'yan'uwansa. Mu dai muna ganin wanda ya yi haka ya faɗa a fili. Kuma kada a ɗauka kowace lambar yabo haka take: WAS, ta jihohin Amurka 50, tana so a yi duk tuntuɓar daga wuraren da tazararsu ba ta wuce mil 50 ba, kimanin kilomita 80.

Tunda yawancin masu tara ƙasashe yanzu suna taɓa FT8, salon da kwamfutoci ke musayar gajerun saƙonni ta rediyo, bari mu ɗan tsaya a kansa, don irin matsalarka tana fitowa a can da wata fuska. Salon, wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, yana tafiya ne daƙiƙa 15 kai, daƙiƙa 15 shi. Ka kira, ya ba ka rahoto, ka mayar da R (wato "na karɓa") haɗe da naka rahoton, ya rufe da RR73. Wannan RR73 ɗin shi ne abu na uku da muka ambata. Idan ka gan shi a allonka, tuntuɓa ta cika ko da 73 ɗinka na ƙarshe bai isa gare shi ba, domin wannan sallama ce kawai. Idan ba ka gan shi ba, shi yana iya rubuta ka tunda ya aika, amma kai ba ka karɓa ba. Ka ci gaba da aika R da rahotonka har ya maimaita, in ya tafi kuma ka sake gwadawa daga baya. Fayil ɗin ALL.TXT na WSJT-X, manhajar da ake yin FT8 da ita, yana ajiye duk abin da na'urarka ta fassara da lokacinsa, shi ne shaidarka idan gardama ta taso. Ka kuma tabbata agogon kwamfutarka bai kauce da fiye da kusan daƙiƙa ɗaya ba, don agogo marar saiti yana cikin manyan dalilan ɓacewar saƙon ƙarshe. Barin kwamfuta ta kwana tana kira tana amsawa ita kaɗai kuwa, ARRL ta rufe wannan ƙofa a 2019: dole mai aiki a kowane ɓangare ya fara kowace tuntuɓa da kansa a lokacin da ake yin ta.

Sauran abubuwan da ke ɓata tuntuɓa a DXCC ba su da sarƙaƙiya. Wadda ta bi ta rifita (tashar da ke karɓar sigina ta sake watsa ta) ko ta hanyar intanet irin EchoLink ba ta shiga, sai tauraron ɗan Adam a nasa rukunin. Jirgin ruwa, ko yana tafiya ko ya jefa anga, da jirgin sama a sama, tuntuɓa da su ba ta shiga lissafi. Tuntuɓar da kai kake amfani da murya shi kuma da Mos (saƙon ɗigo da layi) ba ta ƙirguwa, amma shi ya watsa a mita ɗaya ya saurara a sama kaɗan cikin zango guda daidai ne, haka ma tawagogi suke aiki. Ba wa wani mai babbar tasha alamarka ya kira maka daga gidansa ba ya halatta. Sannan akwai 'yan sojan gona masu aron alamar tawaga. Wanda ya faɗa hannunsu bai yi laifi ba, amma ba zai sami kansa a rajista ba, kuma babu gyaran da zai sa shi ciki. Ita ma tawagar ta gaske, a wurare masu wuyar shiga, sai ta gabatar wa ofishin DXCC lasisinta da shaidar ta sauka a wurin kafin a amince da katunanta. Goge wani abu ko ƙara harafi a kati kuwa yana iya jawo a kori mutum daga shirin baki ɗaya, ba a soke wannan ƙasar kaɗai ba.

Taimakon abokai yana da iyakarsa. Ya gaya maka tawagar tana mita kaza, tana saurare kilohaz biyar zuwa goma a sama, ko zangon mita 17 ya buɗe: duk wannan labari ne, kamar yadda shafukan sanar da tashoshi suke bayarwa. Ya gaya maka an kira ka, ko rahoton da aka ba ka, ko lokacin da za ka danna makirfo, nan ya shiga cikin tuntuɓar. Haka abin yake a zaurukan iska da mai jagora ke jera masu kira: idan shi ya faɗa maka lambobin da ba ka ji ba, da shi ka yi magana, ba da tsibirin ba.

Game da wannan taka, in tawagar tana can har yanzu, ka sake kira. Ba a son maimaita tuntuɓa a zango ɗaya da salo ɗaya ba dalili, amma wanda alamarsa ba ta cikin rajista daidai yana da dalili. Ka saurara tukuna ka gane inda yake karɓar mutane da lokacin da siginarsa ta fi ƙarfi a wurinka, ka ajiye waya a gefe, ka faɗi alamarka cikakkiya da kalmomin haruffan da aka sani, irin su Bravo da Delta. In ya maimaita ta da kuskure, kada ka ba da rahoto sai ka gyara shi ya faɗe ta daidai, domin da ka ce 59 zai rubuta abin da ke gabansa ya wuce. In kuma sun riga sun tashi, ka bar layin a rajistarka da alamar cewa bai cika ba, kada ka ɗora shi a LoTW, tsibirin ya ci gaba da zama cikin jerin waɗanda kake nema.